Shafi Biyun da Na Tsallake wa Gwaggo

Ranar da muka dawo daga binne Gwaggo ban samu wurin zama a tsakar gidanta ba sai bakin rijiya. Gidan haya ne a Unguwar Gabas, cikin Sabon Gari, ɗaki biyu da 'yar rumfa, amma ranar sai da aka shimfiɗa tabarmi har ƙofar gida. Matan zumunta na cocinmu sun zo da ankonsu, maƙwabta Musulmi sun cika rumfar, dangi sun iso daga ƙauye da ƙullin gero da kaji. Har Ibon nan da take sayen zare a wurinsa ya rufe shago ya zo, ya durƙusa gaban Baba yana cewa, "Mama mai dodo ya tafi, Oga. Sannu, sannu."

Da rana ta yi sanyi wata ta ce a fito da aikin hannunta jama'a su gani. Aka kwance naɗe-naɗen da ke jingine bayan ƙofa, aka rataye su a igiyar shanya. Sai ga dodo mai ido ɗaya a goshi yana zaune kan rumbu, ga tsuntsu mai fuskar tsohuwa, ga kura sanye da murjani tana daka a turmi, kowanne ya kai faɗin zanen gado. Matar fasto, wadda ta yi shekaru tana yaƙi da hotunan nan, ta matsa kusa ta shafa bayan kurar da yatsa, ta ce, "Ashe haka suke da kyau." Na ji kamar in tambaye ta da can ina idonta yake, sai na tuna ni ce ta ƙarshe da ke da bakin magana a gidan.

Duk wadda ta zo yi mini gaisuwa magana ɗaya ce a bakinta. "Sannu da haƙuri, ke ce kika zame mata ido." "Allah ya ba ki mai yi miki yadda kika yi mata." Ina sunkuyar da kai ina cewa amin, suna ɗauka kawaici ne. Gwaggo yayar Baba ce, ita ta riƙe ni tun ina aji ɗaya a sakandare har aka kai ni ɗakin miji a Samaru. Shekara biyun ƙarshe na rayuwarta ba ta taɓa allura ba, macen da in ba ta yi ɗinki ba abinci ba ya yi mata daɗi. Kowa ya ce tsufa ne. Ba tsufa ba ne, ni ce na sa ta ajiye, kuma duk taron nan ni kaɗai na san haka. Ba na so a manta da ita, shi ya sa na zauna rubuta wannan, amma ba zan iya ba da labarinta in tsame kaina ba.

Aikin nata ba surfani ba ne irin na hula ko wuyan riga. Tun tana yarinya ta koya a wurin matan mishan, su kuwa furanni da ayoyi suke ɗinkawa a kan farin ƙyalle. Da ta dawo gida babu irin ƙyallen, sai ta duba buhun algarara ta ga ai shi ma saƙarsa gida-gida ce, ana iya ƙirgawa. Sai ta farke buhu, ta wanke, ta shanya, ta yi masa guga. Allurarta 'yar basilla ce da ta goge bakinta a dutse don kada ta tsaga saƙar. Kowane gida ɗinki biyu ne na zaren ulu, ɗaya ya gitta ɗaya. Kafin ta taɓa buhu kuwa sai ta zana abin a littafin lissafi mai gida-gida irin na 'yan makaranta, da biro kawai: ɗigo na nufin ja, sanda baƙi, zobe kore, haka har launi goma sha wani abu. Babban hoto yakan ci littafi uku ko huɗu, kowane shafi ya ɗora daga inda na baya ya tsaya.

Ba ta taɓa kwafar hoton kowa ba. Duk halittun nan daga bakin mahaifinta ta ji su, wato kakanmu, Bamaguje ne da ya mutu bai shiga coci ba bai shiga masallaci ba, yana nomansa yana ba 'ya'yansa labari a gindin rumbu.

In tana tsakiyar layi, ko wane ne ya yi sallama ba ta amsawa. Yatsa ɗaya za ta ɗaga maka, bakinta na motsi, sha bakwai, sha takwas, sai ta kai ƙarshe sannan ta ɗago ta gaishe ka da fara'a kamar ba ita ba. Mutane da yawa sun ji haushi. Ranar da dangin mijina suka zo gaisuwar neman aure haka ta bar su tsaye da goronsu a hannu, surukata har yau ba ta manta ba. Da suka tafi na yi mata ƙorafi har da hawaye. Ta ce, "In na amsa musu na ɓata ƙirga, aikin kwana uku zan warware. Su da suka jira, me ya same su? Ƙafarsu ta karye?"

Ƙirgar nan ita ce alfaharinta. Takan ce tun da ta kama allura ba ta taɓa ɓata layi ba. Sai da na girma na gane akwai tsoro a ƙarƙashin alfaharin. Mahaifiyarsu ta ruɗe kafin ta mutu, tana fita daji neman awakin da aka sayar tun da daɗewa, tana tambayar Baba ko ɗan wane ne shi. Gwaggo ce ta yi jinyarta har ƙarshe. Ta taɓa ce mini, "Ni kullum ina gwada kaina da buhun nan. Ranar da kika ga na ɓata ƙirga, ki fara ɗaure mini ƙofa."

Rigimarta da matar fasto ta samo asali ne daga wata ziyara. Matar ta shigo ɗaki ta yi ido huɗu da dodon nan a bango, ta ja da baya.

"Mama, waɗannan ai kayan duhu ne. Abin da muka baro a ƙauye kike ratayewa a ɗaki?"

Gwaggo ta ƙarasa layinta tukuna, sannan ta ce, "Kin taɓa jin an ce na yanka masa kaza?"

"Ba sai kin yanka ba. Yara suna gani."

"Su gani mana. Ubana bai bar mini gona ba, ko hotonsa ba ni da shi. Labarin nan kaɗai ya bar mini. In na bar shi ya ɓace, da me zan tuna muryarsa? Ki je ki gaya wa fasto, in yana so ya zo da kansa, zan dafa masa shayi."

Aka hana ta ba da waƙa a zumunta wata da watanni. Ta koma bencin baya, tana amshi da ƙarfin da ya danne mai ba da waƙar. Ni a lokacin budurwa ce mai jin kai, kuma a raina bayan matar fasto nake. In ƙawayena za su zo sai in yi sauri in juya hotunan su fuskanci bango. Wata rana ta shigo ta same su a haka. Ba ta yi faɗa ba, ta ce, "Bar su, Malama. Ta baya ma aikina ba abin ɓoyewa ba ne." Malama take ce mini in za ta zolaye ni, tun kafin in zama malamar makaranta.

Cikina na fari ya zube yana wata biyar. Na kwanta a ɗaki a Samaru ba na ci ba na magana, masu zuwa dubiya suna ta yi mini wa'azi har na tsani jin sallama. Gwaggo ta hau mota ta zo da naɗinta a hammata kamar tabarma. Ba ta ce mini ki yi haƙuri ba. Ta shimfiɗa buhun a kan cinyata, ta danƙa mini allura, ta ce, "Kore tara. Ƙirga da ƙarfi in ji." Na ce ba zan iya ba. Ta ce, "Ban tambaye ki ba." Kwana goma sha ɗaya ta yi a gidana muna ɗinka ganyen wata bishiya, ita ta wancan gefe ni ta wannan. Kan da yake ƙirga ba ya samun sararin tunani, ita ta san haka, ni ban sani ba sai da na ga na nemi tuwo da kaina. Wannan ce macen da na yi wa abin da na yi.

Da idonta ya fara yin hazo, gidajen buhu ba su gagare ta ba, don manya ne, tana zama a rana tana bin su da yatsa. Alamun cikin littafi ne suka ɓace mata. Ga shi tana tsakiyar aikin da ta ce shi ne na ƙarshe kuma mafi girma: macijin ruwa mai ƙaho da ya goyi wata yarinya ya haye da ita kogi ranar ambaliya. A duk labaran kakanmu shi ta fi so. Faɗinsa ya sa ta raba shi gida biyu, kowane rabi buhu biyu a haɗe, sai an gama a ɗinke su wuri ɗaya. Rabin hagu, mai kan macijin da ƙahonsa, ta gama shi da idonta ta naɗe ta ajiye. Saura rabin dama, mai gangar jiki da yarinyar a bayansa ta miƙa hannu ta riƙe ƙahon.

Ta kira ni a waya ta ce, "Malama, aron ido nake nema. Asabar kawai."

Haka na fara. Kowace Asabar in gama wanki in hau keke napep daga Samaru, in same ta a rumfa ta shirya zare launi-launi a faifai. In buɗe littafi in karanta, ruwan toka goma sha biyu, baƙi uku, tsallake biyu, ita kuma ta ɗinka. Wata na fari na yi da daɗin rai. Daga baya abin ya ishe ni, ba zan ɓoye ba. Ina karatun ƙarin digiri, ga yara uku, ga bukukuwan da duk Asabar ake yi ba ni. Aikin kuma daga sama ake farawa, saman hoton kuwa hadari ne zalla, ruwan toka da baƙi, shafi bayan shafi. Sai in wuni ina faɗin abu ɗaya kamar mai tallan da ba a saye.

Wata Asabar ana bikin ƙanwar ƙawata a Hanwa, ankona na cikin jaka. Na leƙa gaba na ga saura shafi biyar na hadari kafin a kai jikin macijin. Na ce a raina, hadari ai hadari ne, wa zai ƙirga gajimare? Na lashi yatsa na haɗa shafi biyu na wuce su. Ba kuskure ba ne, ina sane. Abin da ban yi tunani ba shi ne rabin da ke naɗe bayan ƙofa, wanda dole kowane layi nasa ya zo daidai da na wannan.

Bayan sati biyu da na ce mata mun shiga bayan maciji, ta dakata da allura a hannu.

"Har hadarin ya ƙare? Na ɗauka da saura."

"Hannunki ne ya yi sauri, Gwaggo."

Ta yi dariya, ta ji daɗi. "Tsohuwa ba ta mutu ba ke nan."

Wata goma sha ɗaya muka ƙara kafin a gama. Ranar haɗawa ta yi dambu, ta kira Baba ya zo ya gani. Muka share tsakar gida muka shimfiɗa rabi biyun gefe da gefe. Tun kafin in gama miƙe nawa gefen na ga ba su haɗu ba. Wuyan macijin ya ƙare a nan, jikinsa ya fara can sama, tsakaninsu ya fi tafin hannu. Yarinyar ta miƙa hannu ta wuce ƙahon, ba ta riƙe komai ba. Gwaggo ta durƙusa tana bin bakin buhun da yatsu, ta kai ƙarshe ta dawo, ta sake bi. Ta ja wannan sama, ƙasa ya goce. Ta ja shi ƙasa, sama ya goce.

Ba ta ɗago ba ta ce, "Ɗiyata, daidai kika karanta mini?"

"Yadda kika zana haka na karanta, Gwaggo."

Baba ya ce, "Yaya, kada ki damu. Kawo littattafan a bi layi-layi, za a ga inda aka samu matsala." Na yi caraf na ce ni zan tafi da su gida in duba a natse, tunda ni na san alamun. Da na isa Samaru na zare shafi biyun nan daga tsakiyar littafin na sa a murhu. Asabar ta gaba na mayar mata na ce na bi kaf, ban ga inda na yi kuskure ba.

Can ta ce, "To ni ce. Ko a zane na ɓata, ko a ɗinki. Abin Inna ya iso."

Na ce haba Gwaggo, kowa yana kuskure. Na ce mu warware mu sake. Ta girgiza kai ta ce wadda ta ɓata sau ɗaya ba ta sani ba za ta sake ɓatawa ba ta sani ba. A ranar ta naɗe rabi biyun ta tura ƙarƙashin gado. Zaren ta rabar wa matan gidan suna ɗaure gashin yara da shi.

Abin da ya biyo baya shi ya fi cina. Ta daina zuwa kasuwa ita kaɗai, wai kada ta ɓata a hanya. In ta ajiye ludayi ta neme shi ta rasa, abin da ke faruwa da kowa, sai ta zauna jikinta ya yi sanyi. Ta sa Baba ya rubuta mata sunanta da kwatancen gida a takarda, ta ƙulle a bakin zane. Macen da ke gyara wa mai wa'azi aya daga bencin baya ta koma in an yi gardama sai ta ce, "Ku kuka sani, ni kaina ba na yarda da shi yanzu." Kana yin sallama take amsawa, don babu abin da take ƙirgawa. Mutane suka ce Gwaggo ta yi laushi, tsufa ya gyara ta. Alhali kanta garau yake, har ranar haihuwar kowane ɗa nawa ba ta taɓa mantawa ba.

Na ci gaba da zuwa kowace Asabar, har na fi da zuwa, da lemo da kifi da man zafi. A nan na samu sunan da ake yabona da shi ranar makoki. Sau nawa na shirya maganar a cikin keke, daga Samaru har Sabon Gari ina maimaitawa. In na shiga na ga yadda fuskarta ke washewa da ganina, sai in ce bari sai wani satin. Da farko tsoron faɗanta nake ji. Daga baya na gane ba faɗan ba ne, ba na so ne ta daina yi mini kallon da take yi mini. Na zaɓi ta ci gaba da zargin kanta a kan ta san ko ni wace ce.

Ciwon ajalinta bai yi sati uku ba. Da aka sallamo ta daga asibiti aka ce a kai ta gida a yi ta addu'a, duk mun san abin da ake nufi. Ranar Talata da hantsi ta ce a kira mata mutane ɗaya bayan ɗaya, za ta nemi gafara tun bakinta na motsi. Baba ya shiga ya fito yana share ido. Matar fasto ta shiga, na jiyo su har da 'yar dariya. Ina tsaye a rumfa na rantse wa kaina yau zan faɗa, ko da kuwa ta kore ni daga ɗakin.

Na shiga na durƙusa a bakin gado. Ta laluba ta kamo hannuna. Na buɗe baki na ce, "Gwaggo, akwai maganar da..."

"Tsaya, ni na kira ki. Bari in yi tawa tukuna, numfashin ba shi da yawa." Ta huta kaɗan. "Ɗiyata, na ɗauke ki daga kan 'ya'yanki da karatunki fiye da shekara guda. Kina zuwa cikin rana, kina karanta mini har muryarki ta dushe, ba ki taɓa ɓata fuska ba. Ni kuma na san kaina ya fara tafiya, na ƙi yarda, na ɓata miki wahalarki a banza. Abin nan yana damuna kullum. Ki yafe mini."

Maganar tana bakina. Jimla ɗaya ce, kuma da na faɗe ta, da ta tafi da sanin cewa ba ta taɓa ɓata ƙirga ba. Ta matse hannuna tana jira, idonta na kan fuskata ko da yake ba ta gani sosai. A bakin ƙofa wata ta yi gyaran murya, layi ya zo kanta.

Na ce, "Na yafe miki, Gwaggo."

Ta ce, "Madalla. Na gode." Ta saki hannuna, ta ce in turo ta gaba.